Bikin Kowa da Bikin Wasu: Al'adun Ɗalibai a Kwalejojin Kudancin Kaduna

Idan ana lissafin abin da ƙaramar kwaleji ke buƙata, akan fara da azuzuwa da ɗakin karatu da ruwan sha da albashin malamai, sai can a ƙarshe, in an tuna, a ambaci bukukuwan ɗalibai: rantsar da sababbin shiga, makon al'adu, gasar ƙwallo tsakanin sassa, walimar bankwana, bikin yaye waɗanda suka kammala. Iyaye da yawa, har da wasu shugabannin makarantu, suna ɗaukar waɗannan abubuwa a matsayin shagalin ƙuruciya, abin da ake kawar wa kai don kada a ce an takura wa yara. A ganina an yi wa lissafin nan kuskure, musamman a kudancin Jihar Kaduna, inda taron ɗalibai ke cikin 'yan wuraren da suka rage da saurayi Bajju da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ham za su tsaya a sahu ɗaya ba wanda ya fi wani. Sai dai ba kowane taro ke yin wannan aiki ba. Akwai bikin da kwaleji gaba ɗaya take da kaso a cikinsa, akwai kuma wanda ke tara wasu ya bar wasu a bakin ƙofa, kuma makarantar da ba ta rarrabe tsakaninsu ba tana iya cika shekara da kiɗa da jawabai, ɗalibanta su karɓi takarda su watse ba su san juna ba.

Sai an san ƙasar kafin a gane nauyin maganar. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927, ya haɗu da na Kaduna da reshen da ya haura Jos, ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka sauka a ƙasar Fantswam da Kaninkon, daga baya fadar Sarkin Jama'a ma ta dawo garin. A kewaye ga Kagoro da Bajju da Atyap da Ham da Gwong da Ninzo da Marwa da Attakar da wasu al'ummomi masu yawa, kowace da harshenta, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a tsakaninsu, Hausa kuma ita ce ta kasuwa da tasha, ita ce ta waƙa da wa'azi a majami'u da dama. A wannan ƙasa ne ake da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977 don horar da malamai, daga baya ta koma mazauninta na Gidan Waya. Akwai kwalejin aikin jinya da ungozoma a Kafanchan, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro. Babu wadda ta kama ƙafar Jami'ar Ahmadu Bello a girma, kuma ƙanƙantar tasu wata dama ce: a sashe guda kowa ya san fuskar kowa, wanda bai zo aji ba za a lura, wanda aka yi wa rasuwa za a ji. Amma yaran da ke shiga waɗannan makarantu a yau ba su tashi cikin irin zaman cuɗanyar da kakanninsu suka yi a barikin 'yan reluwe ba. Rikicin Zangon Kataf na 1992, da na birnin Kaduna a 2000 da 2002, da na bayan zaɓen 2011 wanda ya cinye kasuwar Kafanchan, sun sa mutane sun kwashe kayansu kowa ya koma unguwar 'yan'uwansa. Yaro na iya gama firamare da sakandare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da su a bakin mutane ya ji shi, galibi kuma a lokacin da zukata suka yi zafi. Ga irin wannan yaro, ɗakin kwanan kwaleji shi ne karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, da zai yi shekara 3 yana kwana yana tashi da ɗan wancan ɓangaren.

A ɗauki bikin rantsar da sababbin ɗalibai, wanda kowace babbar makaranta a Najeriya ke yi. Tun da sassafe ana layin karɓar aron doguwar riga da hula mai tuntu. Ta wani ta yi masa yawa har tana sharar ƙasa, ta wata ta tsaya mata a gwiwa. Masu hoto sun kafa labule a gindin bishiya. Uwa ta taso daga ƙauye da kular shinkafa da jarkar kunu, tana ta raba ido tana neman ɗanta cikin ɗaruruwan da suka koma kama ɗaya. Wannan kama ɗayan ita ce ma'anar ranar. Ɗiyar fasto da ɗiyar liman, ɗan mai gonar citta daga Kwoi da ɗan mahauci daga cikin garin Kafanchan, duk riga ɗaya, su miƙe lokaci ɗaya su maimaita rantsuwa ɗaya: za su bi dokar makaranta, ba za su shiga ƙungiyar asiri ba, ba za su yi satar jarrabawa ba. Daga ranar kowa ya sami wani suna da bai zo da shi daga gida ba, ya zama ɗan sashe kaza, ɗan shekara kaza. Sabon sunan bai goge ƙabilarsa ko addininsa ba, ƙari ya yi a kansu, kuma ƙarin na da amfani, domin matashin da bai san kansa da komai ba sai ƙabila da addini shi ne ya fi sauƙin zugawa. Amma rana ɗaya ce, kuma ɗalibai a cikinta 'yan kallo ne. Hukuma ce ta shirya, ita ta yi jawabi, ita ta rufe. Abin da aka shuka a ranar yana buƙatar mai ban ruwa, kuma a mafi yawan makarantu ƙungiyoyin addini da na 'yan gari ɗaya ne kawai ke tsaye da bokiti.

Wanda yake ganin abin da ke faruwa a harabar ƙaramar kwaleji ƙaramin abu ne, ya tuna da watan Maris na 1987. A Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ne, ranar 6 ga wata, a wurin taron wa'azin da ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS ta shirya, ɗalibai Musulmi suka ce mai wa'azin ya taɓa mutuncin addininsu. Gardama ta zama faɗa, faɗa ya tsallake harabar makaranta ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. An rasa rayuka, an ƙona masallatai da coci fiye da 100, har gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman. Har yau kowane ɓangare yana da nasa labarin kan wanda ya fara, kuma ba hukunci na zo yankewa ba. Abin da ya dame ni shi ne siffar al'amarin: taro ne na ɗalibai, a filin da kowa ke da haƙƙi a kansa, amma na ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren yana gefe yana saurare da zargi a zuciya. A irin wannan sa'a abin da ke ceton mutane shi ne a samu wasu daga nan da can waɗanda suka saba aiki tare, waɗanda ɗaya zai riƙe hannun ɗaya ya ce dakata, a kuma ji maganarsa. Ba a ranar rigima ake samar da irinsu ba.

Kada a fahimci cewa ƙungiyoyin addini da na ƙabila su ne cutar. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tun 1954 take, FCS kuma an kafa ta a Gindiri a 1957, kuma duk wanda ya san makarantun ƙasar nan ya san aikinsu da na ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Su ke tarar baƙo a bakin ƙofa su nuna masa inda zai biya kuɗi, su ke nema masa katifa, su ke yin karo-karo in ya kwanta asibiti, su ke raka gawa gida in ta Allah ta kasance. Wanda ya ce a soke su bai san abin da ke riƙe da ɗan talaka a makaranta ba. Matsalar tana zuwa ne idan su kaɗai ne ke da taro, kuma a kan wannan akwai shaida daga cikin jihar nan. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗauki samari Kiristoci da Musulmi daga unguwannin talakawa na birnin Kaduna, suka shirya musu koyon kwamfuta na mako 16. Da ƙuri'a aka raba su: wasu ajin gauraye, wasu ajin 'yan addini ɗaya zalla, wasu kuma ba su shiga horon ba. Sakamakon da aka wallafa a 2018 bai yi wa kowa daɗin baki ba. Ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai sauya ba, ko ga waɗanda suka zauna tare. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi na gaske, 'yan ajin gauraye ba su nuna wariya kamar 'yan ajin zalla ba, kuma da aka duba sosai sai aka ga bambancin ya samo asali ne daga cewa zama da naka kaɗai ya ƙara wa 'yan ajin zalla fifita nasu, har fiye da waɗanda suka zauna a gida. Wato taro mai daɗi, mai amfani, wanda ba a zagi kowa a cikinsa ba, yana iya ƙara kaurin katanga don kawai 'yan gida ɗaya ne a ciki. Kwalejin da ta bar dukkan yammacin mako da ƙarshensa ga taron kowa da nasa, ba tsaka-tsaki ta tsaya ba.

To wane irin biki ne ke haɗawa? Tun a 1954 Gordon Allport, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya nuna cewa haɗuwa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗu a matsayi ɗaya, kan buri ɗaya, a aikin da ba ya yiwuwa sai da juna, hukuma kuma tana goyon baya. Manomin wannan yanki bai jira littafi ba kafin ya san haka, domin a gayya ba zaman inuwa ke ɗaure mutane ba, kunyar da dole a kai ƙarshenta tare kafin rana ta take ce. Saboda haka amfanin makon al'adu ba a ranar rawa yake ba, yana cikin makonnin da suka gabace ta, a zaman kwamitin shiri. Can ne za a tsaya a kan wa zai sayo akuya, a kuma yarda a ba Musulmi ya yanka don kowa ya ci, kamar yadda maƙwabta suka daɗe suna yi a garuruwan da ake zaune tare. Can ne za a gane cewa ba a sa gasa a lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi, in kuma makon ya faɗa cikin azumi a ɗaga shi. Za a yi musu kan burkutu har a amince ya tsaya a wajen ƙofa. Za a ce wane ya buɗe da addu'a, wance ta rufe. Za a tura mutum biyu ƙauye aron ganga da ƙaho, su zauna su ji sharuɗɗan dattijon da ke ajiye da su. Za a ba wata ajiyar kuɗi, a kuma zo a zauna a yi lissafin man janareta da hayar kujeru da tukunyar paten acca har kwabo na ƙarshe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin sulhu ne, kuma matashin da ya yi irinsa sau goma kan akuya da kujeru ya koyi wani abu da babu shi a manhaja. A nan ne nake ganin yadda aka saba gudanar da ranar al'adu ya gaza. Kowace ƙabila ta fito da rawarta, 'yan'uwanta su yi shewa, da ta sauka su bi ta a baya su bar fili. Wannan faretin rarrabuwa ne ko da an yi shi da fara'a. Da za a raba ɗalibai bisa sashe ko ɗakin kwana ko ƙuri'a, a ɗora wa kowane rukuni koyon rawa da girkin wata al'umma daga bakin 'ya'yanta, da ɗan Atyap ya zama malamin Bafulatani yau, gobe ya zama ɗalibinsa. Haka ma ƙwallo: a buga sashe da sashe, kada a buga ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma.

Tarihin Arewa ya nuna ƙarfin wannan abu, ya kuma nuna haɗarinsa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 ƙaramar makaranta ce ƙwarai, amma ta tara Ahmadu Bello daga Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, Kashim Ibrahim daga Barno, Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe, yaran da a gida babu abin da zai haɗa su. Ba darasin Turanci kaɗai ya ɗaure su ba, akwai zaman gidajen kwana da gasar wasanni, har da ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu wanda Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa, kuma zumuncin tsofaffin ɗalibanta ya yi tasiri a mulkin Arewa da na Najeriya shekaru da yawa. Amma Turawa sun gina ta ne tun farko don 'ya'yan masarautun Musulmi, mutanen kudancin Zazzau kuwa mafi yawansu ta makarantun mishan suka sami boko. Aka wayi gari yanki ɗaya yana da 'yan boko iri biyu, kowane da waƙoƙin makarantarsa da abokan ƙuruciyarsa, ba su haɗu ba sai a teburin rabon muƙami. Kwalejojin gwamnati na Kafanchan da Gidan Waya suna cikin wuraren da za a iya ɗinke wannan tsohuwar ɓaraka.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne kuɗi, kuma yana da ƙarfi. Uban da cutar citta ta 2023 ta cinye gonarsa, yana fafutukar haɗa kuɗin makaranta, in aka ce ya kawo na hayar riga da na liyafar dare da na anko, yana da gaskiya in ya ce karatu na turo ka. Amma in an duba, tsadar daga gasar nuna isa take fitowa, ba daga al'adar kanta ba. Waɗanda suka fi ɗaure ɗalibai su ne mafi araha: ƙwallo ɗaya da fili, ranar sharar makaranta da dashen itatuwa, ranar da ake sa tsummokara a zaga gari ana tara taimako don marasa lafiya ko marayu, taron sallama kafin a watsu ƙauyuka koyarwar gwaji. Ma'auni mai sauƙi ne: duk bikin da kuɗin shigarsa zai hana ɗan talaka zuwa ya tashi daga na kowa ya koma na wasu, kuma hukuma na da ikon hana shi. Batun cewa lokacin karatu ake ci kuwa, binciken da Vincent Tinto ya fara a Amurka tun 1975 kan dalilin barin makaranta ya nuna cewa wanda bai sami shiga cikin jama'ar makaranta ba ya fi saurin tattara kayansa, ko da yana da ƙwaƙwalwa. Abin takaici ma shi ne yadda ƙarancin kuɗi kan sa makarantu da yawa a ƙasar nan su tara bikin yaye na shekaru da dama su yi shi rana ɗaya, lokacin da 'yan aji sun watse, wasu sun yi aure, wasu sun rasu. Ƙaramin taro a kan lokaci, ba gwamna ba babban baƙo, ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Ƙorafi na biyu na tarbiyya ne, kuma daga masallaci da coci duka yake fitowa. Ranar kammala jarrabawar ƙarshe, da ɗalibai ke sa farar riga abokai su yi musu rubutun bankwana a jiki, ta zama a wasu wurare ranar shaye-shaye da tseren babura da taɓa 'yan mata da sunan sa hannu, har wasu makarantu suka haramta ta. Iyayen da suka damu ba ƙauyanci ke damunsu ba. Amma haramtawa kan kori bikin ne kawai zuwa otal a bayan gari, inda babu malami babu doka. Abin da ya fi shi ne ɗaliban da kansu, da wakilan addinan biyu a ciki, su rubuta ƙa'ida: da rana, a cikin makaranta, ba tilas, ba mai rubutu a jikin kowa sai da izininsa, wadda ba ta so a taɓa ta ta riƙo ƙyalle ko littafi a sa mata hannu a ciki. Mafi muni daga wannan shi ne abin da ke fakewa da sunan al'ada don cin zalin sababbin shiga, da kuma ƙungiyoyin asiri. Ƙungiyar farko irin wannan, wadda Wole Soyinka da abokansa suka kafa a Ibadan a 1952, ba don zubar da jini aka yi ta ba, amma waɗanda suka ɓalle suka yi ta yaɗuwa sun kai ga abin da ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo ranar 10 ga Yulin 1999, da aka kashe ɗalibai 5. Waɗannan ƙungiyoyi ma da rantsuwa da waƙa da alama suke kama matashi, domin ƙishirwar zama ɗan wani gida gaskiya ce a wannan shekarun. Inda makaranta ba ta kashe ƙishirwar a fili da rana ba, akwai masu jiran kashe ta a daji da dare. Wannan hujja ce ta a yi al'ada a bayyane, mai ƙofa a buɗe, wadda ba a wulaƙanta kowa kafin ya shiga.

Ƙorafi na uku shi ne ya fi nauyi: rawa da ƙwallo ba za su hana kisa ba. Haka ne. Rikicin wannan yanki na gona ne da burtali da sarauta da siyasa da rashin hukunta mai laifi, kuma ba kwamitin makon al'adu ne zai warware su ba. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad duk 'yan Barewa ne, hakan bai hana juyin mulkin 1975 ba. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kafin shekarar ta ƙare hare-hare sun dawo, har gwamnatin jiha ta rufe manyan makarantunta na yankin, suka shafe watanni a kulle. Duk wanda ya yi alkawarin cewa biki zai maye gurbin adalci da tsaro yaudara yake yi. Binciken Kaduna ma bai ce zukata sun sauya ba, cewa ya yi hali ya ɗan gyaru. Amma a ƙasar da jita-jita ɗaya ke iya rufe kasuwa, a samu mutum a wancan ɓangaren wanda kake da lambarsa, za ka kira ka tambaya ko gaskiya ne, ya kuma faɗa maka gaskiya, ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a duba su wane ne waɗannan ɗalibai. Mai takardar shaidar malanta ta NCE gobe shi ne malamin firamare a ƙauye, shi zai tsara wa yara wurin zama, shi zai raba su gida-gida ranar wasanni, shi zai zaɓi wanda zai riƙe ƙararrawa. Ɗalibar jinya gobe ita ce za ta karɓi haihuwar matar da ba ta jin yarenta. Abin da suka saba da shi a kwaleji, shi za su kai wa dubban mutanen da ba za su taɓa taka Gidan Waya ba.

Ba sai an yi aro daga nesa ba, domin ƙasar ta san biki. Bikin Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi a wajajen Ista, sun rayu ne saboda lokacinsu sananne ne, kowa ya san aikinsa, yaro kuma ya ga yadda babba ya yi kafin a miƙa masa. Wannan shi ne abin da bukukuwan kwaleji suka fi rasa: bana a yi, baɗi a ce babu kuɗi, sabon shugaban ɗalibai ya zo ya sake komai don a ce shi ya fara. Ga kuma gadon da ya girmi duk wata rigimar yau. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a 1943 Bernard Fagg ya gane cewa irinsu aikin al'umma guda ne, binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus kuma ya kai farkon wannan al'umma wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen Ham suna alfahari da waɗannan kayan yumɓu, da gaskiyarsu, amma an tono irinsu a faɗin ƙasa mai yawa, kuma maƙeran da suka narka ƙarfe a nan sun riga coci da masallaci zuwa. Ziyarar shekara-shekara ta 'yan ajin farko zuwa Nok, ko hawan dutsen Kagoro, ko zuwa ruwan Matsirga, a mota ɗaya da guzuri ɗaya, in tsaro ya ba da hali, al'ada ce da babu wanda zai ce ta wasu ce. A 2025 gwamnatin tarayya ta karɓi Jami'ar Nok mai zaman kanta da ke Kachia ta mayar da ita jami'ar tarayya, kuma abin da rukunonin farko na ɗalibanta suka saba yi shi na baya za su tarar su ɗauka. Tun yanzu ne hukumarta za ta zaɓa ko ta raba gadajen kwana da ƙuri'a ko ta bar kowa ya nemi ɗan garinsu, ko kuma ta sa ranakun taron kowa da kowa a kalandar karatu kafin ƙungiyoyi su rabe makonnin a tsakaninsu.